Babi na Bakwai: Lissafin da ke Riƙe da Gidan Wasan Harbi da Haske

"Malam, wai wannan lissafin a ina zai amfane mu?" Da wuya a sami ajin sakandaren da ba a taɓa jin wannan tambaya a cikinsa ba. Takan fito ne a ranar da malami ya zana alwatika a allo, ko ya kawo ɗalibai kan kaso da ninki, yara suka duba suka ga babu abin da ya haɗa zanen da tuwon dare. Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. A wannan babi za mu nemo amsar a wurin da ba a zata ba, wato gidan wasa, inda yara da manya ke biyan kuɗi su shiga ɗaki mai duhu suna harbin juna da haske. Za mu bi mai irin wannan gida tun daga ranar da ya auna fili har ranar da ya ƙirga ribarsa, mu ga sau nawa lissafin sakandare zai tare shi a hanya.

Wane irin wasa ne wannan?

Sunansa leza tag. Kowane ɗan wasa yana sanya riga mai ɗauke da ƙananan na'urori masu gane haske, a ƙirji da baya da kafaɗu, sannan ya riƙe bindigar roba wadda haske kawai take fitarwa. Ana raba mutane ƙungiya-ƙungiya, a sake su cikin ɗaki mai lunguna da bangaye, da kiɗa da ɗan hayaƙi. Wanda haskenka ya sauka a rigarsa, kwamfuta ta rubuta maka maki, shi kuma bindigarsa ta mutu na 'yan daƙiƙu. Babu harsashi, babu rauni, babu taɓa jiki.

Asalin dabarar daga rundunar sojan Amurka take. A ƙarshen shekarun 1970 aka ƙera musu wani tsari mai suna MILES, wanda ke ba sojoji damar atisayen yaƙi da haske a maimakon harsashi mai rai. Wani Ba'amurke, George Carter III, wanda fim ɗin Star Wars na 1977 ya burge shi, ya mayar da abin wasa, ya buɗe gidan Photon a birnin Dallas na jihar Texas a 1984. A 1986 kamfanin Worlds of Wonder ya fito da kayan wasan yara mai suna Lazer Tag, sannan a 1989 aka kafa Laser Quest a Manchester ta Ingila. Daga nan sana'ar ta bazu a manyan biranen duniya.

Alƙaluman kuɗi da na fili da za ka gani a gaba duk na misali ne, mun zaɓe su don su yi sauƙin ninkawa da rabawa. Hanyar lissafin ita ce abin riƙewa, domin ita ce ba ta canzawa ko farashi ya canza.

Hasken da ido ba ya gani

Jan ɗigon da ɗan wasa yake gani yana fita daga bakin bindiga na saiti ne da ado. Abin da ke kai saƙo wani haske ne daban mai suna infirared, wanda idon ɗan Adam ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke amfani da shi. Rimot na ƙyafta wannan haske kusan sau 38,000 a daƙiƙa guda, domin na'urar da ke karɓa ta bambanta shi da hasken rana ko na ƙwan lantarki.

To ta yaya rigar za ta san wa ya harbe ta? Kowace bindiga tana aika lambarta ta hanyar kunnawa da kashewa. Gurbi ɗaya yana da hali biyu: a kunne ko a kashe. Gurbi biyu suna ba da hali 4, uku su ba da 8, huɗu 16, biyar 32. Ke nan gurbi biyar sun isa a ba 'yan wasa 32 kowa lambarsa, idan aka ƙara gurbi ɗaya tak sai adadin ya koma 64. Wannan shi ne ninkin biyu-biyu da ake koyarwa a aji, kuma a kansa duk wata kwamfuta take tafiya.

Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ɗaki mai tsawon mita 30 zai keta shi cikin kashi ɗaya bisa miliyan goma na daƙiƙa. Babu mai kauce masa bayan an harba, kuma ba ya lanƙwasa ya faɗo ƙasa kamar dutsen da aka jefa. Saboda haka duk tsarin ɗakin wasan ya koma magana a kan miƙaƙƙen layi: daga ina ake ganin ina.

Sai dai hasken yana buɗewa yayin da yake nisa. Haska tocila a bango, ka ja da baya, za ka ga da'irar na girma tana dusashewa. Mu ƙaddara hasken bindigar na ƙara faɗin santimita 4 a kowace mita. A nisan mita 5 faɗinsa santimita 20 ne, dole sai an saita sosai. A nisan mita 25 ya kai mita guda cur, yana iya rufe mutum biyu da ke tsaye kusa da juna. Nisa ya ninka sau biyar, amma filin da hasken ya bazu a kai ya ninka sau 25, don haka ƙarfin da ke sauka a kan rigar ya ragu zuwa ɗaya bisa 25. Mai gida yana da zaɓi a nan. Haske mai faɗi yana faranta wa ƙananan yara rai, don kusan duk harbinsu na samun wani. Siriri yana jawo matasa masu son gwada ƙwarewa. Lamba ɗaya ce, faɗi a kowace mita, amma ita ke yanke wane irin kwastoma zai dawo.

Fili nawa, mutum nawa?

A ce an sami zaure mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20. Tsawo sau faɗi ya ba mu murabba'in mita 600. Ba duka za a yi wasa a ciki ba. Akwai wurin karɓar kuɗi, wurin zaman jira, ɗakin bayani, ɗakin rataye riguna, ban-ɗaki da ma'ajiya. Idan waɗannan suka ci 200, saura 400, wato ɗaki mai mita 20 ta kowane gefe.

Yanzu sai tambayar da duk sana'ar ta rataya a kanta: mutum nawa za su shiga a lokaci guda? Idan aka cusa mutane da yawa, ba wanda zai yi taku uku ba a harbe shi ba, ga haɗarin karo a cikin duhu. Idan suka yi kaɗan, za su yi ta yawo suna neman juna har lokaci ya ƙare. Mu ba kowa murabba'in mita 16, wato mita huɗu ta kowane gefe. 400 a raba da 16 ya ba da 25.

Mai lissafi ba zai sayi riga 25 don wasa ba, a 24 zai tsaya. Dalili kuwa, 25 ba ta rabuwa daidai sai gida biyar, alhali 24 tana rabuwa gida 2, 3, 4, 6, 8 da 12. Ko ƙungiya biyu ake so, ko uku, ko huɗu, babu wanda zai yi ƙorafin an fi su yawa. Darasin lambobin da ke raba wata lamba ba tare da saura ba, wanda yara ke haddacewa a firamare, ga shi ya shiga odar kaya.

Wasu gidajen suna ƙara bene a cikin ɗakin domin su sami ƙarin fili ba tare da ƙarin haya ba. Tunda matakala a cikin duhu haɗari ce, gangara ake yi. Ƙa'idar Amurka ta hanyar keken guragu ta ce a kowace mita ɗaya ta hawa sai an ba da mita 12 ta tafiya. Bene mai tsayin mita biyu da rabi zai buƙaci gangara mai tsawon mita 30, ɗakinmu kuwa 20 ne. Dole gangarar ta naɗe ta juyo, kuma dole a san haka kafin a zuba siminti. Tun ran gini, tun ran zane.

Bango, kwana da layin gani

Ɗaki fayau ba ya wasa. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ƙa'idar Pythagoras ta ce a ninka 20 da kanta, a sake ninka ɗaya 20 ɗin da kanta, a haɗa, a sami 800, a nemi tushensa. Amsar ta ɗan haura mita 28. Duk wanda ya fara laɓewa a kusurwa zai riƙa ɗauke kowa daga nesa, sauran su gaji su fita. Aikin bangayen ciki shi ne yanke wannan dogon layi gunduwa-gunduwa, yadda mafi yawan harbi zai zama na kusa, a bar 'yan tagogi kaɗan masu hangen nesa domin a ba wasan armashi.

Wannan ƙa'ida ce dai magina ke amfani da ita idan suka auna uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗaya gefen, suka tabbatar tsakaninsu biyar ne, don kwanar gini ta fita daidai. A ɗakin wasa tana bayyana bambancin nisan ƙafa da nisan ido. Ɗan wasan da zai yi mita 6 gabas, ya karya kwana ya yi mita 8 arewa, ya taka mita 14. Amma idan akwai taga a tsakani, abokin karawarsa na hango shi daga mita 10 kacal. Mai zane yana auna duka biyun a kowane lungu.

Adalci ma aunawa ake yi. Idan daga sansanin jajaye zuwa tsakiyar ɗaki mita 14 ne, daga na shuɗaye kuma 19, jajaye za su riƙa kama wuri mai kyau a kowane wasa, kuma ba za a daɗe ba yara za su gane, kowa ya ƙi shuɗiyar riga. Hanya mafi sauƙi ita ce a zana rabin ɗakin, a juya zanen rabin da'ira, wato digiri 180, a sami ɗaya rabin. Ɓangarorin sun zama daidai a awo, amma wanda ke ciki ba zai ji kamar madubi yake kallo ba.

Madubi na gaske kuma yana da nasa aikin. Haske yana barin madubi da irin kusurwar da ya sauka a kansa, don haka madubin da aka kafa a kwana yana ba mai wayo damar harbin wanda ke bayan bango. Bango mai farin fenti mai sheƙi yana yin irin wannan ba tare da an so ba, ya watsa hasken ya sami wanda ba a saita ba. Shi ya sa ake son fenti mai duhu marar sheƙi.

Akwai kuma batun sa ido, domin yara na cikin duhu kuma amanarsu na wuyan mai gida. A 1973 masanin lissafi Victor Klee ya yi tambaya: masu gadi nawa ake buƙata su ga ko'ina a cikin zaure mai kusurwoyi da yawa? A 1975 Václav Chvátal ya tabbatar da cewa ɗaya bisa uku na yawan kusurwoyin ya isa ko yaya siffar zauren take. Zaure mai kusurwa 12 ba zai buƙaci fiye da masu gadi huɗu ba, muddin kowa na iya waigawa ta ko'ina. Bangayen da ke tsaye a tsakiyar ɗaki suna ƙara adadin, don haka kowane sabon bango da aka kafa don daɗin wasa yana zuwa da kuɗin kyamara ko na ma'aikaci.

Hajar da ba ta kwana

Me gidan yake sayarwa? Gurbi ne: riga ɗaya, na minti 15. Halin wannan haja irin na kujerar motar haya ne. Idan mota ta tashi daga tasha da kujera uku babu kowa, kuɗin waɗannan kujeru ya tafi ke nan, direba ba zai ajiye su ya sayar gobe ba. Rigar da ta kwana a rataye da ƙarfe biyar na yammacin Asabar haka take.

Saboda haka minti yana da farashi. A ce wasa minti 15 ne, bayanin dokoki minti 5, sanya riga 3, cirewa 2. Idan komai a jere ake yi, zagaye ɗaya minti 25 ne. A yinin awa 10, wato minti 600, za a yi wasa 24. To a ware ɗaki daban na bayani, yadda ƙungiya ta gaba za ta saurari dokoki tun waɗanda ke ciki ba su fito ba. Zagaye ya koma minti 20, wasanni sun zama 30. Ƙarin wasa shida sau riga 24 ya ba da gurbi 144 a yini, ba a ƙara fili ba, ba a sayi ko riga ɗaya ba. Riƙe wannan minti biyar, za mu dawo kansa.

Yaushe riba ke farawa?

Kuɗin da ke fita iri biyu ne. Akwai wanda za a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mu ce a wata: haya naira 1,500,000, albashi 1,200,000, wuta da man janareta 1,800,000, gyare-gyare da talla da haraji 700,000. Sai wanda 'yan kasuwa da yawa ke mantawa, wato tsufan kaya. Idan riguna da bindigogi da kwamfuta sun ci miliyan 48 kuma za su yi shekara biyar, wata 60 ke nan, to kowane wata suna cin 800,000 ko ba a ga kuɗin na fita daga aljihu ba. Jimla miliyan 6.

Iri na biyu shi ne wanda ke tafiya da kowane ɗan wasa: takardar maki, tsaftace riga, kuɗin da banki ke cira. Mu ce 500. Idan tikiti 3,000 ne, kowane mutum ya bar 2,500. Miliyan 6 a raba da 2,500 ya ba da 2,400. Mutum na 2,401 a wata shi ne farkon riba. Duk waɗanda suka riga shi haya da albashi suka biya.

A raba 2,400 da kwana 30, a sami 80 a yini, a gidan da ke iya ɗaukar 720. Kallon farko abin kamar wasa. A nan ne matsakaici ke yaudarar mutum. Kwastomomin wannan sana'a 'yan makaranta ne da ma'aikata, ba sa zuwa da safiyar Talata. A ce ranakun aiki 22 na kawo mutum 40 kowace rana, 880 ke nan. Saura 1,520 dole su fito daga ranakun ƙarshen mako takwas, wato 190 kowace rana. Su ma ɗin yawanci tsakanin la'asar da ƙarfe tara na dare za su zo, awa biyar.

Ga inda minti biyar ɗinmu ya dawo. A awa biyar, zagayen minti 25 na ba da wasa 12, gurbi 288. Na minti 20 na ba da wasa 15, gurbi 360. Bayan cire 190 na biyan ɗawainiya, gidan farko na da gurbin riba 98, na biyu na da 170. Bambancin 72 sau 2,500 ya kama naira 180,000 a rana, 1,440,000 a ranakun ƙarshen mako takwas na wata, idan akwai jama'ar da za ta cika. Wani ɗan ƙaramin ɗaki mai benci da allo ne ya kawo wannan, kuma a kan takardar zane aka yanke hukuncinsa.

Ragi: yaushe yake riba, yaushe yake asara?

Idan ciniki ya ja baya, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a rage farashi. A gwada da alƙalami tukuna. An sauke tikiti daga 3,000 zuwa 2,000, ragin kashi ɗaya bisa uku. Abin da ke saura a kan kowane mutum ya faɗo daga 2,500 zuwa 1,500. Mutum 40 a da suna barin 100,000. Yanzu sai an sami 67 kafin a kai wannan adadi. Ragin ɗaya bisa uku yana neman ƙarin jama'a na biyu bisa uku kafin a dawo inda aka tashi.

Amma a ce wata makaranta za ta kawo ɗalibai 24 da safiyar Laraba, lokacin da ɗakin ke kulle, a kan 1,500 kowane yaro. Kowa ya bar 1,000, jimla 24,000 da ba don ragin ba da ba a gan su ba. Ragin da ya fi wancan zurfi ya zama riba, domin bai taɓa kwastoman da dama zai biya cikakken kuɗi ba. Ƙa'idar a taƙaice: a yi ragi a lokacin da riguna ke rataye, a riƙe farashi a lokacin da ake layi. A Amurka da Ingila bukukuwan zagayowar ranar haihuwa na cikin abin da ke cika irin waɗannan gidaje. Wanda zai buɗe a Kano ko Kaduna sai ya zana kalandarsa da kansa, da ranakun Sallah da hutun makaranta a matsayin kaka, da watan azumi a matsayin lokacin da awannin ciniki ke sauyawa.

Layin jira

Injiniyan Denmak Agner Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na Copenhagen, shi ya fara nazarin layin jira da lissafi a 1909. A 1961 John Little na Amurka ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi: yawan mutanen da ke cikin wuri daidai yake da yawan masu shigowa a awa sau tsawon lokacin da kowa ke yi.

Idan mutum 60 ke shigowa a awa, kowa na yin awa ɗaya da rabi tsakanin jira da wasa da shan lemo, to a kowane lokaci akwai mutum 90 a gidan. Guda 24 ne kawai ke cikin ɗakin wasa. Sauran 66 suna buƙatar wurin zama, iska, ban-ɗaki da abin sha. Wanda ya sa kujera 20 ya kori kwastoma da hannunsa, wanda ya buɗe kantin lemo da cincin a wurin ya sami sana'a ta biyu.

Gidanmu na iya ɗaukar 72 a awa, wasa uku sau 24. Ranar Sallah idan 90 ke zuwa a awa, layi na ƙaruwa da 18 kowace awa. Bayan awa huɗu mutum 72 na tsaye, wanda ya zo a lokacin sai ya jira awa guda cur. Maganin shi ne tikiti mai ɗauke da lokaci, kowa ya san ƙarfe nawa zai shiga, ya je ya dawo.

Idan riga ta lalace

A ce kowace riga na da yiwuwar samun matsala sau ɗaya cikin kwana 20, wato kashi 5 cikin 100 a yini. Adadin ƙarami ne, amma riguna 24 ne. Yiwuwar dukkansu su wuni lafiya ita ce 0.95 a ninka da kanta sau 24, abin da ya kama kusan kashi 29 cikin 100. Ma'ana, a kwana bakwai cikin goma za a sami aƙalla riga ɗaya da ta ƙi aiki. Idan aka ajiye uku na ko-ta-kwana, lissafin ya nuna za a wuce kusan kwana 97 cikin 100 ba a mayar da kowa gida ba. Odar gaskiya ke nan riga 27 ce.

Maki da adalci

Yaro biyu sun fito daga wasa. Na farko ya harba sau 400 ya samu 40, kashi 10 cikin 100. Na biyu ya harba sau 100 ya samu 30, kashi 30 cikin 100. Wa ya ci? Idan kowane samu maki 100 ne, na farko na da 4,000, na biyu 3,000. Idan aka ce kowane kuskure na rage maki 5, na farko ya rasa 1,800 ya koma 2,200, na biyu ya rasa 350 ya tsaya a 2,650. Wasa ɗaya, harbi ɗaya, amma zakara ya canza. Wanda ya tsara makin shi ya zaɓi halin da yake so yara su koya, ɓarin wuta ko natsuwa.

Rabon ƙungiya ma haka. Jera 'yan wasa takwas daga gwani na 1 zuwa na 8. Idan aka yi zaɓen ɗaya-bayan-ɗaya, ƙungiyar farko ta kwashi 1, 3, 5, 7, ta biyu 2, 4, 6, 8, kuma a kowane mataki ta farko ce ke da mafi ƙarfi. A gwada 1, 4, 5, 8 a gefe ɗaya, 2, 3, 6, 7 a ɗaya gefen. Kowane ɓangare ya tashi 18. Gidan da ke shirya gasa yana iya aron tsarin Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziks wanda hukumar wasan ces ta duniya ta karɓi hanyarsa ta auna ƙarfin 'yan wasa a 1970. A tsarinsa, wanda ya fi abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya kwashi kusan kashi 76 cikin 100 na nasara. Wannan ba ƙawa ba ce kawai. Yaron da aka lallasa tun daga farko har ƙarshe ba ya roƙon mahaifinsa ya sake kawo shi, wanda aka yi kankankan da shi kuwa tun a mota yake maganar mako mai zuwa.

Abin da alƙalami ba ya hanawa

Lissafi ba ya tsare mutum daga ƙaddara, amma yana faɗa masa girman abin da zai tanada. Kamfanin Photon da ya fara sana'ar ya rufe a 1989, shekara biyar bayan buɗewa. A 2020, da annobar korona ta hana taruwa, Laser Quest ya rufe gidajensa na Arewacin Amurka. A gidan misalinmu, idan ƙofa ta rufe, kuɗin mai da wuta zai sauka, amma haya da albashi da tsufan kaya, miliyan uku da rabi a wata, suna nan suna tafiya ko mutum ɗaya bai shigo ba. Rufewar wata uku ta haura miliyan 10. Wanda bai ware irin wannan ajiya ba tun farko, jarinsa bai cika ba ko da ginin ya tsaya.

Duba abin da muka yi amfani da shi tun daga farkon babin: tsawo sau faɗi, rabawa, kaso cikin ɗari, alwatika, ninkin lamba da kanta. Babu wanda ya wuce littafin sakandare. Mai gidan kallon ƙwallo, mai wurin wasan yara, mai ɗakin taro, duk gurbi da lokaci suke sayarwa, kuma tambayoyin nan su ne nasu. Kafin ka wuce gaba, mai karatu, ɗauki sana'a ɗaya da ka sani, ka rubuta abin da take ci a wata ko ba a yi ciniki ba, ka raba shi da abin da kowane kwastoma ke bari. Lambar da ta fito ita ce ta farko da ya kamata mai sana'ar ya sani.

Saura tambaya ɗaya da muka tsallake da gangan: miliyan 48 na kaya da kuɗin gini, daga ina za su fito? A babi na gaba za mu duba lissafin haɗa jari, yadda ake raba riba da asara tsakanin mai kuɗi da mai gudanarwa, da yadda hauhawar farashi ke cin ajiyar da aka bari a kwance. Ka zo da lambar da ka fitar, domin da ita za mu fara aiki.